Amsoshin da Ke Aljihun Baba

Sau biyu Auta tana faɗuwa jarrabawar Turanci a kwaleji. In ta faɗi na uku, korar ta za a yi. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, aji uku kawai ya yi a makaranta, amma ya ce shi zai tsaya mata.

Ya sayo littafin gwaji. Kowane shafi labari ne gajere, da tambayoyi goma a ƙasa, kowace da zaɓi huɗu. Amsoshin suna bayan littafin. Ya yage su, ya ninke, ya sa a aljihu.

"Baba, ai ba zan leƙa ba."

"Na sani, tunda suna wurina."

Kullum da yamma takan zauna a bencin shagonsa, ya ba ta minti ashirin cif. Bai san abin da labarin ke faɗa ba. Lamba ya sani, da haruffa huɗun nan na zaɓi, A, B, C da D. In ta gama sai ya maƙala gilashin aikinsa a ido, ya bi layi da bakin sukudireba.

"Biyu cikin goma."

"Baba, don Allah sake duba ta bakwai. Ƙarara labarin ya faɗe ta."

"Shekara arba'in ina duba abin da ya fi wannan ƙanƙanta. Ke za ki koya mini gani?"

Sati shida ana haka, ba ta taɓa wuce huɗu ba. Da farko tana gardama, daga baya ta koma kuka, daga baya ma kukan ya ƙare. Sai ta miƙa takarda, ta ji sakamako, ta share shago.

Ranar jarrabawa da hantsi, bayan ta tafi, wani malamin makaranta ya kawo agogonsa. Tsohon ya ciro littafin da takardun aljihunsa.

"Malam, dubi kwanyar yaran yanzu. Duk haƙurina, ga abin da nake samu."

Malamin ya karanta shafi ɗaya, ya karanta na biyu, ya ɗago kai.

"Baba, yarinyar nan tara ta ci a nan. A nan kuma goma."

"Biyu dai."

"Littafin kashi biyu ne, kowane yana farawa daga lamba ɗaya. Ita tana yin kashin farko, kai kana duba amsoshin na biyu."

Tsohon ya ajiye littafin. Ya buɗe agogon malamin, ya sake rufe shi. Ya ce ya dawo gobe.

Bai taɓa wani aiki ba har azahar. Can Auta ta shigo, fuskarta a sake, rabon da ya gan ta haka an jima.

"Baba, wannan karon na yi dabara."

"Wace?"

"Tunda kullum abin da na fahimta shi ne kuskure, yau duk amsar da raina ya kwanta da ita sai na tsallake ta, na zaɓi wata. Tun daga farko har ƙarshe."

Tun da aka haife ta bai taɓa ba ta haƙuri a kan komai ba, bai ma san ta inda ake farawa ba.

"Ana iya karɓo takardar?"

"Wace takarda, Baba? An riga an tattara."

Ya janyo mata kujerarsa, wadda ba mai zama a kai sai shi.

"Zauna, Auta. Ni ne na kayar da ke."