Kuskuren Keken Hannatu

Ni na riƙe Cindo, kuma ba na ɓoye wa kowa. Ranar da aka yaye shi na saɓa shi a baya daga Gumel zuwa gidana a Gagarawa, uwarsa Hannatu tana tsakar gida tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. Ɗan fari ne, ita kuwa Hannatu, matar ƙanena Ilu, irin matan nan ce da suka ɗauki kunyar ɗan fari kamar farilla. Sunansa na yanka Sa'idu. Cindo laƙabi ne, don an haife shi da yatsa shida a hannun hagu, wanzami ya taɓa ya ji da ƙashi a ciki, ya ce shi kam ba zai yanke ba. To duk sunayen nan biyu babu wanda ya taɓa fitowa daga bakinta. In ta matsu sai ta ce da ni, "Yaya Asama'u, ɗanki," kai ka ce a kasuwar Maigatari na sayo shi.

Da farko ban ga laifinta ba, mu ma haka muka tarar. Amma ita tata kunyar har da ƙari. Yaro ya girma ya zama saurayi, in ya je gaishe ta ran Juma'a sai ta juya masa ƙeya ta amsa wa bango. Tuwonsa kuwa sai dai a miƙo masa ta hannun wani.

Bayan an canza kuɗi zuwa naira da kamar shekara biyu, Ilu ya dawo daga fatauci a Damagaram da wani dogon akwatin ƙarfe. Wai wata malamar makaranta ce za ta koma ƙasarsu ta sayar masa, har ta haɗa masa da buhun ulu ta ce kado ne, wato kyauta. Da aka buɗe sai ga keken saƙa. Layi biyu ne na allurai, gaba da baya, suna kallon juna, da wani abu mai mariƙi kamar dutsen guga da ake turawa a kansu. Ilu bai san gabansa ba bare bayansa. Matar wani malamin asibiti ce ta nuna wa Hannatu yadda ake ɗaura zare, sauran kuwa ita da keken suka yi ta kokawa har ta fi ƙarfinsa.

Kafin sanyin shekarar ya shigo, duk unguwarsu ta san ƙarar keken nan, ƙurr, ƙurr, tun daga hantsi. Ta yi wa ƙannen Cindo rigunan sanyi. Ta yi wa jariran maƙwabta huluna da safa. Ilu ya samu hular da ke rufe kunne, yana yawo da ita ko rana ta take. Ni ma an aiko mini da tawa rigar, shuɗiya mai ratsin fari, na sa ta na je suna har aka riƙa taɓawa. Mutum ɗaya ne bai samu ko tsinken zare ba.

Cindo bai yi magana ba sai da takardarsa ta fito, aka ɗauke shi makarantar malaman dabbobi can wajen Jos. Ina daka yajin da zai tafi da shi ya zo ya zauna a bakin turmi, hannun hagu a aljihu kamar kullum. Ya ce an ce sanyin Jos yana fasa fatar hannu, ya nemi safar hannu har kantunan Kano, duk wadda ya gwada sai ta ƙi shiga. Na ce sai mu yanke gefen wata mu yi wa ɗan autan yatsan ƙofa. Bai yi dariya ba.

"Goggo," ya ce, "in tambaye ki mana. Abin da Inna take yi mini, kunya ce kuwa? Ko dai hannun nan ne ba ta son gani?"

Taɓaryar ta kusa faɗo mini a ƙafa. Yaron da na goya, na yi wa wanka, ashe shekara da shekaru da wannan ƙullin yake kwana a ransa. Na ce masa ya daina zancen banza, amma na ga bai gamsu ba, ni ma kuma bakina bai yi ƙarfi ba. Tsoro ya kama ni, kada ya tafi uwa duniya yana ganin uwarsa tana ƙyamarsa. Washegari na yafa mayafi na hau motar Gumel, zuciyata tana tafasa.

Na tarar da ita a rumfar ɗakinta, ta ɗaure keken a jikin tebur, ulu kala-kala a cikin ƙwarya. Ko ruwan da ta kawo ban sha ba na fara.

"Hannatu, yaron nan zai tafi Jos."

"Na ji a bakin Malam. Allah ya kai shi lafiya."

"Shi ke nan? Kin saƙa wa 'ya'yan mutanen gari, kin saƙa wa Ilu hular da ta mai da shi kamar tulu, naki ɗan fa?"

"Ɗanki dai, Yaya."

"To ɗan nawa cewa ya yi ko hannunsa ne ba kya son gani."

Abin turawar ya tsaya cak a tsakiyar allurai. Na zuba mata ido ina jira. Ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Yaya, riƙe mini ulun nan in naɗe." Wallahi da ba matar ƙanena ba ce da na kifa mata ƙwaryar a ka.

Na ce ba zan koma Gagarawa ba sai ranar da Cindo ya zo sallama, in ga iyakar taurin kanta. Ta ce gida nawa ne. A zaman nan ne na ga abin da take yi. Wai safar hannu take saƙawa ta sayarwa, don masu babura sun yi yawa a gari tun da ma'aikata suka samu ƙarin albashi. Na ce in dai safar hannu ce, bari in auno hannun yaron da tsinke in kawo mata. Ta ce, "Ni me ya haɗa ni da hannun wani? Na kasuwa nake yi."

Aikin kuwa ba na rago ba ne. Safar ba a saƙa ta a shimfiɗe a zo a ɗinke gefe, a zagaye take fitowa kamar hannun riga, babu ɗinki ko ɗaya. In ta tura abin dama, alluran baya su ci zare, in ta dawo da shi hagu, na gaba su ci, sai saƙar ta riƙa sauka ta tsakaninsu. Da launi ɗaya wannan wasa ne. Amma Hannatu ado take so, 'yan gidaje kamar na dara, ja a cikin baƙi. Kowane zagaye sai ta yi shi sau biyu. Ta zaɓo alluran ja da farce ta turo su, ta wuce da jan zare, sannan ta cire shi ta ɗaura baƙi, ta koma kan waɗanda ta tsallake. In ta manta allura ɗaya, gidan ya karkace. In ƙarfen da ke jan saƙar ƙasa ya yi sauƙi, zare ya zame, rami ya buɗe. Sai ta ja tsaki ta warware, ni kuma ina gefe ina naɗe abin da ta warware ina mita.

Na ɗauki ɗaya da ta gama na zura hannu, sai yatsuna suka sarƙe a ciki. Na juya ta bai-bai. Ashe duk inda wani launi ya tsallake, zarensa yana nan a ciki yana lilo. Na ce, "Wannan ai tarko ne, ba safa ba." Ta ce haka saƙar launi take, waje ado, ciki kuwa sai haƙuri, mai saye ya riƙa zura hannu a hankali.

Akwai wata guda da ta fi ba ta wahala. Ita launi uku ta sa mata, baƙi da ja da ruwan ɗorawa, kuma ba ta taɓa ta sai na tafi alwala ko na shiga gaisawa da maƙwabta. In na dawo sai in ga ta tura wani abu ƙarƙashin ulu. Na ɗauka ta wani babban ma'aikaci ce da ya ba da aiki, na ƙara jin haushi. Har na ce mata, "Mai babur ya fi ɗan cikinki, ko?" Ta ce in miƙo mata almakashi.

Ranar tafiya Cindo ya zo da hantsi, motar Kano tana jiransa a tasha. Ilu ya yi masa nasiha a zaure, ya sa masa albarka, sannan ya shigo ciki. Ya durƙusa nesa da rumfar, hannun hagu a aljihu.

"Inna, ina kwana. Zan tafi."

Ta ba shi baya, tana fuskantar keken. "Lafiya lau. Allah ya tsare," ta ce da allurai.

Ya ɗan jira ko akwai ƙari. Babu. Na ga kafaɗunsa sun sauka, ya yunƙura zai tashi. Na buɗe baki zan yi abin da za a daɗe ana ba da labari a Gumel, sai ta riga ni.

"Yaya, ga faifan safar can. Akwai wata a ƙasa da keken ya yi mini kuskure, ta lalace, ba mai sayenta. In ɗanki yana so ya ɗauka, ta fi a zubar."

Lalatacciya! Yaro zai bar gida shekaru, abin da za ta ba shi ke nan. Na fizgo faifan na watsar da na saman, na ciro ta ƙasan don in jefa mata. Mai launi ukun nan ce. Na ɗaga ta dama, lafiyarta lau. Na ɗaga ta hagu, sai na ga wani ɗan guntun yatsa a gefen ƙaramin, ya ɗan karkata waje, da nasa gidan ja da ruwan ɗorawa kamar sauran. Na ƙirga a zuci, na sake ƙirgawa. Yatsu shida ne cif.

Na miƙa masa. Ya juya ta, ya gani. A hankali ya zaro hannun daga aljihu ya zura. Ta shige sumul, ba inda ta sarƙe. Kowane yatsa ya sami ɗakinsa, ɗan autan ma ya zauna daidai, bai yi saura ba, bai matse ba, har karkatar da yake yi an bar masa wurinta. Ni da na yi masa wanka tun daga yaye, da an ce in faɗi tsawon yatsan nan sai na nemi tsinke. Ita da ba a taɓa kama ta tana kallonsa ba, ido ba mudu ba, ashe ya san kima. Ta ina take satar kallon, Allah kaɗai ya sani.

Na karɓi ta daman na juya bai-bai. Babu zare ko ɗaya da ke lilo. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da allurar hannu ta kwantar da su, cikin ya yi laushi kamar wajen. Hawaye ya zubo mini, na ji haushin kaina, na share da gefen mayafi.

"Ikon Allah," na ce. "Hannatu, keken nan naki akwai ido. Kuskurensa ma da awo yake yinsa."

"Haka yake yi wani lokaci, Yaya," ta ce, ba ta juyo ba.

Cindo yana durƙushe yana buɗe hannun yana rufewa. Rabon da in ga hannun nan a fili a gaban mutane tun yana firamare. Ya ɗago ya dube ni.

"Goggo," ya ce, "a yi wa keken godiya. A ce masa ta yi daidai."

"Ka ji, keke," na ce. "An gode."

Hannatu ta kama mariƙin ta shiga turawa, dama, hagu, ƙurr, ƙurr. Daga inda nake ina gani babu zare a kai, alluran banza take ta kaɗawa. Cindo ya karɓi ta daman ya sa, ya tashi ya nufi zaure, hannayensa duka biyu a waje cikin safa, ga rana ta fara zafi. Har ya sa ƙafa a bakin ƙofa sai ƙarar keken ta tsaya.

"Yaya," ta ce, "ki ce masa kada ya wanke da ruwan zafi, tsukewa take yi. In kuma ta huje, ya aiko da ita. Keken bai manta awon ba."