Fashin Sallar Mansura

Ba faɗuwa Mansura ta yi ba. Tana cikin gudu a bayan lakwal, makarantarsu ta Urafane, ƙaurinta na hagu ya ƙi ɗaukarta, sai ta zauna a yashi tana kallon sauran 'yan mata suna wuce ta. Mushe Ashiru, malamin wasanni, wanda ya zaɓe ta zuwa tseren Maraɗi, ya ce gajiya ce. Tun farkon shekara yake faɗa musu gudu ƙashi yake ginawa, tun ana yarinya ake tara shi. Gaskiya ya faɗa, amma rabi. Bai taɓa tambayar abin da take ci ba. Safe da marece take gudu a kan kunu da ragowar tuwo, ga rumbu ya yi ƙasa.

Da ƙafar ta kumbura, uwarta Zara'u ta kai ta gidan likita a Tasawa. Aka ɗauki hoton ƙashi. Wata likita mai tabarau ta dubi hoton, ta dubi wuyan hannun yarinyar.

"Yaushe rabonki da fashin salla?"

Mansura ta yi tunani. "Tun kaka."

Ta ji uwarta ta daskare a kan benci. Ai Zara'u ta lura tuni. An yi azumi duka ɗiyarta ba ta sha ko ɗaya ba, maƙwabta suna yaba ta, ita kuwa tana bin cikin yarinyar da ido in ta duƙa wanki.

"Faɗa mini, wane ne?" in ji Zara'u ƙasa-ƙasa. "Mushen nan ne?"

"Inna, ƙafa muka kawo."

"Madam, ku auna ta," Zara'u ta ce wa likita.

Aka ba Mansura ƙaramar roba, ta ɗingisa zuwa bayan gida, ta dawo. Kunya ma ba ta ji ba. Ido ta kafa wa wani ƙuda a jikin taga.

Ba ciki. Likita ta yi bayani a hankali: jikin da ke aiki fiye da abin da ake ba shi yakan tsai da jini, in jini ya daɗe a tsaye ƙashi ya yi laushi. Nata ya tsage. Abinci, nono in da hali, da hutu.

"Maraɗi fa?" Mansura ta tambaya.

"Ba bana ba. Baɗi ma ban yi miki alkawari ba."

Zara'u ta shafa fuska da hannu biyu. "Alhamdu lillahi. Ashe ƙashi ne kawai."

A tasha ta saya wa ɗiyarta tsire, tana ta hira da 'yan mota kamar mai dawowa daga biki. Mansura ta miƙe ƙafar a kan buhun wake, ta tauna naman. Da motar ta tashi sai ta lura ta cinye.