Gareji a Ƙarƙashin Ɗakin Amana

Dina ta ɗaga ƙofar garejin da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da 'yarta Amana da ta goya cikin bargo. Hayaƙi ya fita ta saman kanta, sanyin Janairu ya shigo. Mijinta Chuwang yana zaune cikin jar motarsa da kayan barci da hular sanyi, ƙafarsa a kan totur. Ta zura hannu ta taga ta kashe injin.

"Baban Amana, tun yaushe kake wannan abu?"

Ya ce tun da aka fara zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara. Corvette ce ƙirar 1972 mai kujera biyu, ya saye ta lokacin zafi a hannun wani tsoho a New Jersey. Gishiri yana cin ƙarfe, shi ya sa ba ya fita da ita. Amma kullum da safe, kafin ya tafi tuƙa bas, sai ya ɗumama ta, yadda mahaifinsa yake ɗumama Fijo a Jos kafin kowa ya sha shayi. Ƙofar kuwa yana rufewa ne don Afua maƙwabciyarsu ta yi ƙorafin ƙara.

Dina aikin dare take yi a asibiti, ba ta dawowa gidansu a unguwar Stapleton sai rana ta ɗaga. Kwanakin nan Amana, 'yarsu mai shekara uku, tana tashi da ciwon kai, wani lokaci har da amai, zuwa azahar kuma ta ware. Dina ta canja mata madara, ta zargi abincin gidan reno. Yau da aka sallame ta da wuri, tana shiga ɗakin yarinyar ta ji warin fetur. Ɗakin yana daidai saman garejin. Na'urar da ke kuka idan iska ta gurɓace tana reto a bango, ba batir a ciki.

Ta tambaye shi batirin. Ya ce na'urar ta dame su da ƙara da sassafe, ya ɗauka batirinta ne ya mutu.

"Ɗauko makullin Toyota," ta ce.

A asibiti aka ɗibi jinin Amana, aka sa mata iska ta hanci. Likita ta ce hayaƙi ya shiga jininta, amma an zo a kan lokaci. Chuwang ya zauna riƙe da takalmin yarinyar, bai ɗaga kai ba. Can ya ce gobe zai sa motar a kasuwa.

Dina ta dube shi. Ta san hoton irin motar nan ne manne a bangon ɗakinsa a Bukuru tun yana sakandare. Ta karɓi wayarsa ta kira Abdou, makanikensa ɗan Nijar da ke unguwar Tremont, ta tambaye shi me tsohuwar mota take buƙata a lokacin sanyi.

Abdou ya ce ba ta buƙatar komai sai a ƙyale ta. A cika tanki, a ƙara iska a taya, a cire kan batir, a lulluɓe ta sai Afrilu. Tayar da ita kullum ba tafiya, in ji shi, ruwa yake tarawa a salansar da hayaƙi ke fita har ta ruɓe.

"Madam, wa ya ce masa ya riƙa ɗumama ta?"

Chuwang ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya ce Baba ya yi haka duk rayuwarsa, Fijo ba ta taɓa ba shi kunya ba.

"Motar Baba a gindin mangwaro take kwana," in ji Dina. "Ba wanda ke barci a samanta."

Da yamma suka dawo gida. Ta sa sabon batir a na'urar, ta buɗe tagogi duk da sanyin, ta mai da gadon Amana ɗakinsu. Sannan ta sauka gareji, ta sa Chuwang ya nuna mata inda batirin motar yake, a bayan kujera. Da hannunta ta kwance kansa da sifana, ta cire makullin daga jikin motar. Suka ja rigar motar tare, shi a gaba, ita a baya.

"Sai Afrilu," ta ce. "Shi ma a waje za ka tayar da ita, ƙofa a buɗe."

Ya miƙo hannu don karɓar makullin. Ta jefa shi cikin jakar kayan Amana, ta ja zif.