Sifikar Ɗakin Baba

Kai ma ka san ɗakin. Kusan kowane babban gida yana da irinsa, can ƙarshen lungu bayan kicin, inda ake ajiye tsoho. Ka sha wucewa ta bakin ƙofar da waya a kunne, ka ɗaga hannu, ka ce a ranka ai ka gaisar. Ba zan zage ka ba, don abin da aka yi a gidanmu da hannuna na zana shi.

Yaya ne ya kira ni lokacin da ake canza silin ɗin gidansa. Ni ce auta, lantarki na karanta, shi ya sa yake ce min Injiniya, rabi yabo rabi zolaya. So yake a ja wayoyi kafin a rufe silin, ta yadda duk ɗakin da mutum ya shiga sauti zai sauko masa daga sama, labarai ko karatu ko kiɗa.

Na shimfiɗa zanen gidan a teburin cin abinci. Na yi masa bayani cewa amfilifayar da ya kawo, wato akwatin da ke ba sifiku ƙarfi, baki shida gare ta. Kowane baki na ɗaki ɗaya ne, ɗakin yana da abin da zai saurara shi kaɗai, da maɓalli a bango na ƙara murya ko rage ta.

Yaya ya bi zanen da yatsa. "Falo. Ɗakina. Ɗakin yara. Kicin. Baranda."

"Biyar," na ce. "Na shida ɗakin Baba."

"Na shida banɗakina."

Na ɗago na dube shi ko zai yi dariya. Bai yi ba.

"A nan nake jin labaran safe, Injiniya. Shi kaɗai ne wurin da ba wanda yake nemana."

"Baba fa?"

"Ki jona shi da na kicin. Ai a layi ɗaya suke."

Na ajiye biro. Na ce masa in aka yi haka, duk abin da Anti ta kunna a kicin shi Baba zai ji, ko yana so ko ba ya so. Na ce sifikun ɗakuna biyu a baki ɗaya nauyi ne, akwatin zai riƙa ɗaukar zafi. Na ce daga falo zuwa ɗakin Baba mita arba'in ne, sai da waya mai kauri. Ya saurare ni yana duba saƙonni. Da na ce to a ƙalla a sa masa maɓalli kusa da gado, sai ya ɗago.

"Ban da maɓalli. Kashewa zai yi, in yi magana bai ji ba."

Ya buɗe kwali ya ciro wani ɗan makirufo mai gindi. Ashe shi ne zuciyar aikin. In an danna shi daga falo, murya za ta fita a dukkan ɗakuna.

"Kin ga, da safe sai in danna in ce Baba ina kwana, Baba lokacin magani ya yi. Ba sai na makara ba."

"Shi kuma ya amsa ta ina?"

"Me zai ce? Shekara nawa ina gaishe shi, ban da lafiya lau ban taɓa jin ya ce komai ba."

Anti, matarsa, ta leƙo daga kicin da cokali a hannu. "Ke dai kin cika zafi, Auta. Wa ya ba tsohon nan ɗaki da fanka da talabijin? Ku 'yan boko komai sai kun mai da shi shari'a."

"Anti, ai Yaya ma ɗan bokon ne."

"Shi ya huce," ta ce, ta koma.

Washegari muka je aunawa da mai waya, wani dattijo da ya shekara talatin yana rarrafe a cikin silin ɗin mutane. Baba yana zaune a bakin gado. Tsohon direban babbar mota ne, gwiwoyinsa sun gaji, amma bakinsa bai gaji ba.

"Wa nake gani kamar Auta? Ko makuwa aka yi?"

Na durƙusa na gaishe shi, ina lissafi a raina. Sati biyar rabona da ɗakin. Yau ɗin ma ma'auni ne ya kawo ni. Duk wutar da na hura jiya a teburin Yaya sai na ji ta dawo min a fuska.

Mai waya ya hau tsani ya zana da'ira a silin, daidai saman gadon. Baba ya karɓi sifikar ya juya ta gaba da baya.

"Abin nan yana ji?"

"A'a, Baba. Magana kawai yake yi."

"To, halin yayanki ya ɗauko."

Mai waya ya yi dariya har tsanin ya girgiza. Baba bai taya shi ba. Ya nuna bakin ƙofa da haɓa.

"Kullum ƙarfe bakwai nan yake tsayawa, makullin mota a hannu. Minti biyu ne, amma da ƙafarsa yake zuwa. In aka sa wannan, me kuma zai kawo shi?"

Na ce ba zan yi aikin ba, in ya so Yaya ya nemi wani.

"Wanin zai nema kuwa. Ki sa masa abinsa ya gani a sama. Amma kada ki haɗa wayar. In ya yi magana kwana ɗaya, kwana biyu, ya ji shiru, zai tako. Ɗana ne, na san shi."

Mai waya ya sauko yana kaɗe hula. "Ni dai ban ji komai ba, Hajiya Injiniya. Kunnena ya cika da ƙura."

Haka muka yi. Aka ja waya mai kauri har ɗakin, aka ɗaura sifika, aka rufe silin. A bayan amfilifaya na naɗe bakin wayar Baba da salatif na tura shi ƙasan sauran.

Ranar gwaji komai ya tashi lafiya. Falo ya ɗauka, baranda ta ɗauka, Yaya ya shiga banɗaki ya fito yana murmushi kamar wanda aka ƙara wa girma a ofis. Sannan ya danna makirufon.

"Baba, kana ji na? Ɗanka ne a sama."

Kowa ya yi dariya. Na tsaya ina jiran wani ya ce bari a duba.

"Ya ji mana," in ji Anti daga kicin. "Ga shi nan ina ji raɗau."

A nan na gane wautata. Baba bai san yadda abin yake aiki ba, amma ni da na karanta fa? Waya a haɗe ko a cire, daga falo shirun iri ɗaya ne. Na yi ta tunanin ai in aka kira shi bai fito ba za a bincika. Ban lura ba cewa a gidan nan ba wanda yake kiran Baba ya fito. Abinci mai aiki ke kai masa, magani yana gefen tire.

Na koma zuwa kullum bayan na tashi daga aiki. Mai aiki ta gaya min tun kafin bakwai Baba yake sa riga mai kyau, ya buɗe ƙofa, ya zauna yana fuskantar lungu. Yaya kuwa yana falo yana gaida silin, da ladabi, har da tambayar ya jiki. Kwana uku Baba ya ce aiki ne ya yi masa yawa. Kwana shida ya daina kawo maganar. Na ce zan faɗa wa Yaya, Baba ya ce in ƙara masa lokaci.

A kwana na tara na kasa. Na yi sammako na iske Yaya ya gama gaisuwarsa yana ɗaura agogo. Na jawo akwatin, na zaro wayar da salatif ɗinta na ɗora masa a tafin hannu.

"Kwana tara kana gaida bango, Yaya. Kwana tara mahaifinka bai ji muryarka ba, kuma ba ka sani ba."

Ya daɗe yana kallon wayar. Na ce a raina to, yau dai ta shiga.

"Shi ya sa ba a ba ɗan'uwa aiki," ya ce. "Zan kira mai waya ya zo ya haɗa."

"Yana nan zaune ya sa riga yana jiranka. Mita arba'in. Ni na auna."

Ya dubi agogon, ya dubi lungun, ya ɗauki makulli. "Da yamma, in na dawo."

Da yamma baƙi ya yi. Mai waya ya zo washegari ya haɗa, ya kira ni yana ba ni haƙuri, wai mai gida shi ke da gida.

Yanzu ɗakin Baba yana jin duk abin da kicin yake ji, daga waƙoƙin Anti har tallan sabulu, kuma ba shi da abin da zai murɗa. Jiya na same shi ya jingina, ido a sama. Na ce in yana so in sake cirewa, ko me za a yi a yi.

"Bar shi," ya ce. "Amma ki duba min yayanki. Kwana biyu muryarsa ta toshe, kamar mura ce. Ki ce masa ya daina kwana a ƙarƙashin fanka."

Na kai saƙon. Yaya ya ce a ce ya gode.

Kai da kake karanta wannan, kada ka tsaya yi wa Yaya tsaki, ba shi na zo nema ba. Ajiye abin da ke hannunka yanzu, ka shiga wurin naka tsohon. Ka zauna a ƙasa, kuma kada ka tashi sai ya gama maganarsa.