Sabuwar Muryar Yadira

Yadira Montalvo tana tsakiyar tashe muryarta ta ɗauke. A lokacin babu motar haya a birnin Barranquilla da ba a sa waƙoƙinta na soyayya, 'yan mata kuwa har gyaran gashinta suke kwaikwayo. Likita ya duba maƙogwaronta ya ce sai an yi aiki, bayan aikin kuma kada ta ce uffan sai ya ba ta izini.

Ta tattara ta koma gidan yayarta Nohemí, mai suyar arepa, wato wainar masara, a bakin kasuwa. Nohemí akwai surutu, sai ta zama bakin ƙanwarta. In ɗan jarida ya zo, takan tare shi da cokalin suya a hannu: "Ta ce tana gaishe ka, ta ce arepata ta fi waƙarta daɗi. A zuba maka da ƙwai?" Yadira sai ta toshe baki, don dariyar ma an hana ta.

Da likita ya sake ta, muryar da ta fito ba tata ba ce. Siririyar muryar nan mai tashi sama ta tafi, wata mai kauri da dishi-dishi ta maye gurbinta. Kamfanin da ke fitar da waƙoƙinta ya saurara, ya yi mata fatan alheri, ya sallame ta. Ranar ta sha kuka har ta gode Allah.

"To sai me?" in ji Nohemí. "Da kina waƙa kamar tsuntsu, yanzu kin koma mutum."

Wata rana da la'asar sai ga Dalgis Ospino a tsakar gidan. Mawaƙiya ce ita ma, sun daɗe suna gasa, ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Ke ce aka ce kin koma muryar ƙato?"

"Kin zo kallon yadda na ƙare ne?"

"Kallon me, ke da ko kwalliya ba ki yi ba? Ina da waƙa ta mutum biyu. Na gwada maza, duk sun ɓata min ita. Buɗe baki in ji."

Yadira ta so ta kore ta, amma Nohemí ta riga ta jawo wa baƙuwar kujera. Dalgis ta ja baitin farko, ta tsaya tana jiran Yadira. Yadira ta amsa a tsorace, can ƙasa-ƙasa. Dalgis ta lumshe ido, ba ta motsa ba sai da baitin ya ƙare.

"Ita ce," ta ce. "Gobe ki zo mu ɗauka."

A carnaval, babban bikin shekara na garin, suka fara rera ta a gaban jama'a. Da Yadira ta shigo da nata baitin filin ya kaure da ihu. Suna sauka ta riƙe hannun Dalgis, hawaye na zuba.

"'Yar uwa, ban san da wane baki zan gode miki ba."

"Da wannan sabon mana, na fi son sa."

Yadira ba ta koma tashenta na da ba, ba ta kuma neme shi ba. Ta ci gaba da waƙa a hankali, ga mutanen da suka san rashi. Ko yaushe kafin ta hau dandali takan taɓa maƙogwaronta, ta gode wa Allah da Ya bar mata abin da za ta yi waƙa da shi.