Faifan Silvio a Kan Taga

Ni da Silvio Carbone layi ɗaya muka tashi a kudancin birnin Filadelfiya na Amurka, gidansu yana kallon namu. Tun muna 'yan shekara goma sha shida muke waƙa tare a bukukuwan auren unguwa, ni a gaba, shi yana yi mini amshi. Idan uwar amarya ta tashi neman mawaƙa, cewa take yi a kira mata Nunzio ɗan mai aski da siririn abokin nan nasa.

Da aka gama yaƙin duniya na biyu muka dawo gida, mahaifina ya rasu, na gaji shagon askinsa, na auri Filomena. Shi kuwa Silvio ya ɗauki akwati ya nufi New York. Shekara tara muna jin labarinsa sama-sama, yau an ce yana waƙa a wani otal, gobe an ce wankin kwanoni yake yi a wani. Ba zan ɓoye ba, labarin wankin kwanonin ya fi kwanta mini a rai.

A shekarar 1955 faifansa ya fito. Sun sauya masa suna ya koma Sil Corbin, sun sa hotonsa a bangon faifan, hula a karkace, taba a hannu. Waƙoƙi goma sha biyu ne, duk tsofaffi, irin waɗanda iyayenmu suka yi rawa da su, sai dai an haɗa masa da masu goge da fiyano da wani mai busa ƙaho a hankali. Kafin sati biyu babu tagar da muryarsa ba ta fitowa a layinmu.

A shago ma ban tsira ba. Baba Pasquale, tsohon tela da ke zuwa gyaran gemu duk Asabar, shi ya fi kowa ƙure ni.

"Nunzio, ƙara rediyon nan, ɗan amshinka ne," in ji shi, kumfa cike da fuskarsa. "Ashe na bayan ne ya san hanya."

"Baba, aska ce fa a wuyanka."

"Na sani, ɗana. Shi ya sa nake magana a hankali."

Masu jiran layi suka yi ta dariya. Ni ma na yi, don babu yadda zan yi.

Abin da ya fi ci mini rai a gida yake. Filomena ta sayi faifan, kullum da yamma sai ta ɗora shi a garmaho tana guga. Akwai wata waƙa a bayan faifan, ta wani mutum da ke jiran matarsa a tashar jirgin ƙasa. Mahaifina ne ya koya mini yadda ake rera ta: in ka zo baitin ƙarshe sai ka tsaya cak, ka bar kiɗan ya wuce ka, har mutane su ɗauka ka manta, sannan ka shigo a makare da murya ƙasa-ƙasa. Shekara da shekaru Silvio yana tsaye a bayana ina yin haka. To ga shi nan a faifai, bai rage komai ba.

Wata rana na shigo daidai wurin, na tarar Filomena ta ɗaga dutsen guga sama ta tsaya, idonta a rufe, tana jiran ya shigo. Da irin wannan tsayuwar na fara ganinta, a bikin 'yar kawunta, lokacin ni ne mai waƙar.

"Wannan nawa ne," na ce.

"Mene ne naka?"

"Tsayawar nan da ya yi."

"Yanzu tsayawa ma tana da mai ita?" Ta yi dariya ta ci gaba da gugar rigata.

Da muka zauna cin abinci na kasa haƙuri. Na tambaye ta ko Silvio ya taɓa nemanta kafin ni.

"Sau ɗaya ya taɓa raka ni gida, ana ruwa, yana da lema," ta ce. "Tun daga coci har ƙofar gida labarin kansa yake ba ni. Ci taliyarka, Nunzio, za ta huce."

Wannan lemar ta kwana uku tana yawo a kaina.

Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Agusta, rana kamar za ta fasa dutse, muna shirin tafiya coci. Na ce na manta hankicina, na koma ciki. Na zaro faifan daga bangonsa na jingina shi a tagar da ke kallon rana. Bayan coci muka wuce gidan surukata cin abinci, ba mu dawo ba sai la'asar. Faifan ya lanƙwashe kamar busasshen ganye. Filomena ta ɗauka ta juya shi, ta dube ni, ta kai shi bayan kabad ta ajiye. Ba ta ce uffan ba, ba ta kuma sayi wani ba. Sai dai ta koma rera waƙar da hanci tana aiki, kuma irin rerawarsa take yi, ba tawa ba.

A watan Oktoba Silvio ya zo gaida mahaifiyarsa. Unguwa ta cika, mata har da leƙe ta saman bene. Washegari da safe sai ga shi a shagona, ya rataye kwat ɗinsa da kansa, ya hau kujera kamar jiya ya bar ta.

"Mutumina, gyara mini kan nan. Masu askin can ba su san gashin mutanenmu ba."

Na ɗaura masa ƙyalle. Daga inda nake tsaye na ga tsakiyar kansa ta fara sanƙo, na ji wani sanyi a zuciyata. Sai da na yi rabin askin sannan na yi magana.

"Ka ɗauke mini tsayawata."

"Na ɗauka mana," ya ce, ko gezau. "Na gaya wa mai tsara kiɗan cewa ta wani mai aski ce a garinmu, wanda ya fi ni murya. Bai yarda ba. Ranar Talata muna ɗaukar sabon faifai. Zo mu je ya ji da kunnensa."

Na shirya wa musu, na shirya wa faɗa. Wannan kam ban shirya masa ba. Na ce zan zo.

Ranar Talata na rufe shago na hau jirgin ƙasa na safe zuwa New York. Ɗakin da ake ɗaukar waƙar babba ne, babu taga ko ɗaya, makaɗa kusan talatin zaune sun tuɓe kwat. Bayan gilashi akwai wani mai sanƙo, Mista Halloran, mai tsara kiɗan, shi ne mai cewa a fara ko a tsaya. Waƙa ɗaya Silvio ya yi sau goma sha tara. Ya yi, a ce ya sake. Ya yi, a ce numfashinsa ya fito da yawa. Bai yi fushi ba ko sau ɗaya. Ni kuwa a wajena tun ta uku ta yi, kuma ta goma sha taran ta fi ta ukun nesa ba kusa ba. Na ji haka da kunnena, na kuma ji haushin jin sa.

Da makaɗa suka fita cin abincin rana, Silvio ya roƙi mai fiyano ya tsaya. Aka tsayar da ni gaban makirufo in rera waƙar tashar jirgin. Na buɗe baki kamar yadda na saba a zauren biki, inda sai ka rinjayi ƙarar cokula da kukan yara.

"Ja baya kaɗan, malam," in ji Mista Halloran ta lasifika. "Ba kiran wani kake yi daga tsallaken titi ba. Yi kamar a kunnen masoyiyarka kake faɗa."

Na sake. Da na zo baitin ƙarshe na tsaya, sai shirun ɗakin ya ba ni tsoro, na shigo da wuri.

Suka kunna mini na ji. Ban taɓa jin muryata daga waje ba sai ranar. Tana da ƙarfi, tana da kyau ma, amma muryar mutum ce mai son a san yana wurin. Mista Halloran ya fito ya ba ni hannu.

"Murya mai kyau. Aski aka ce kana yi, ko?"

Silvio ya raka ni har tasha, ya dafa kafaɗata ya ce kowa haka yake a ranar farko. Da dariya ya yi mini da ta fi mini sauƙi.

Na iso gida Filomena tana yanka albasa. Na zauna ban cire hula ba, na gaya mata duk yadda aka yi, sannan na gaya mata maganar taga.

"Na sani," ta ce. "Mu biyu ne a gidan, kuma ni ban yi ba."

"Me ya hana ki magana?"

"Jira nake in ga ko kunya za ta kama ka da kanta."

Can na tambaye ta abin da na daɗe ina son tambaya, ko don waƙar tana tuna mata da ni ne take sonta haka. Ta ajiye wuƙa ta yi tunani sosai, don Filomena ba ta iya ƙarya ko ta lallashi.

"Da farko, i," ta ce. "Daga baya kuma don ya iya ne."

Washegari na je da ƙafata na sayo mata sabon faifai. Ta karɓa ta ce ta gode.

Silvio bai sake yi mini maganar New York ba, ni ma ban tayar ba. Na ci gaba da waƙa a bukukuwan unguwa, har yanzu in na tsaya a baitin ƙarshe zaure yana yin tsit, sai dai yara matasa sukan zo daga baya su ce na iya kwaikwayon Sil Corbin.

Faifai tara ya yi bayan wancan, duk ina da su. Ranar Litinin da shago ke rufe nakan zauna ni kaɗai in ɗora su ɗaya bayan ɗaya, in kasa kunne ina neman inda ya kuskure. A na huɗu, waƙa ta uku, akwai wurin da muryarsa ta ɗan tsage. Wata guda cur duk wanda ya hau kujerata sai ya ji labarin.

Da mahaifiyarsa ta rasu a 1963 ya zo jana'iza. Na yi masa ta'aziyya, na ɗauki makara tare da shi. Bayan an gama, muna tsaye a ƙofar coci, na gaya masa maganar faifai na huɗu.

Ya dube ni da jajayen idanunsa, har ya ɗan yi murmushi.

"Kai kaɗai ka ji wannan," ya ce. "Mura nake yi ranar."

"Ban tambaye ka dalili ba," na ce.