Ranar da Rajistar Shanu Ta Ƙi Buɗewa

Dutse na farko ya fasa tagar ofishin ƙungiyar masu shanu da hantsi, ranar kasuwar Touboro. Clémentine ta sunkuyar da kai, ta kakkaɓe ɓaraguzan gilashi daga gaban kwamfuta, ta ci gaba da aiki.

A waje, gindin darbejiya, an ɗaure Léandre da igiyar shanunsa. Manomin auduga ne. Ya kawo bijiman huɗa biyu kasuwa, sai wani dillali mai suna Sulaimanu ya rantse nasa ne da aka sace makon jiya. Wani ya ɗaga murya da Fulatanci, "Gujjo!" Sauran suka amsa, "Ɓarawo!" Kafin Léandre ya gama ambaton sunan ƙauyensu, sanda ta sauka a bakinsa.

Abin da zai cece shi yana cikin kwamfutar nan. Duk dabbar da aka yi wa rigakafi tana da lamba a kunne, kuma rajista ta san mai ita. Sai dai rajistar ta ƙi buɗewa, kuma Clémentine ta san aikin hannunta ne.

Jiya ta zo daga Garoua domin ta tsare na'urar daga masu kutse. Ta kafa mata doka kamar mai gadi: kowane fayil yana da tambari, kuma manhajar da ke riƙe rajista ba ta taɓa komai sai mai tambarinta. Ta kulle dokar yadda ko ita kanta ba za ta iya kashe ta ba. Da safen nan ta kwafe bayanan zuwa sabon faifai, suka ɗauki tambarin sabon wurin, ita kuwa ta manta ba ta gyara ba. Yanzu manhajar tana kallon rajistarta kamar kayan wani.

Malam Abdulhalim, dattijon da ke kula da ofishin, ya shigo hularsa a hannu, goshinsa na jini.

"'Yata, ina takardar? Za su kashe mutumin nan."

"Baba, ba ni minti goma."

"Kashe mai gadin naki mana! Buga abin kawai!"

"Ba a iya kashe shi, Baba. Ni na kulle shi."

Dattijon ya dube ta. Ya mayar da hularsa, ya koma waje.

Ta buɗe littafin ƙorafin na'urar. Layi bayan layi, magana ɗaya: an hana. Ta rubuta umarni, ta shaida wa dokar cewa sabon wurin nan gidan rajista ne. Ta yi kuskuren harafi, ta goge, ta sake. Sannan ta sa na'urar ta bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya tana sauya tambari. Babu yadda za a hanzarta wannan.

Ta taga ta ga Malam Abdulhalim ya kwanta a kan Léandre, yana ta roƙo da Fulatanci, "Useni, useni, jama'a!" Wani ƙato ya fizge shi ya yar gefe. Sulaimanu ya taka hannun Léandre a kan saiwar bishiyar, ya ɗaga taɓarya. Clémentine ta ji ƙarar ƙashin har cikin ofis.

"Ku kawo fetur!" in ji wani.

"Madam ta Garoua tana ɓoye ɓarawo!" in ji wata murya. Dutse na biyu ya same ta a kafaɗa. Ba ta tashi ba. Ta kare kwamfutar da jikinta.

Sunayen fayilolin suka daina gudu a allon. Ta tayar da manhajar, rajista ta buɗe. Ta buga lambobin da dattijon ya rubuto mata a tafin hannu tun farkon rigimar, takarda ta fito da ɗuminta.

Ta kutsa cikin taron tana ihu. Warin fetur ya riga ya cika wurin. Ta kama kunnen bijimi na farko, ta karanta lambar da ƙarfi, ta karanta ta takarda.

"Na Léandre ne, shekara uku ke nan ana yi musu allura da sunansa! Alhaji Sulaimanu, zo ka karanta da kanka!"

Sulaimanu ya karɓa, ya duba kunne, ya duba takarda. Ya je ga na biyu, ya daɗe a tsaye. Taɓaryar ta sulale daga hannunsa.

"Sun yi kama," ya ce a hankali. "Wallahi sun yi kama da nawa."

Mai jarkar fetur ya ɓace. Sauran suka watse, kowa ya tuna yana da ciniki. Da jandarmomi suka iso, mutum uku suka tarar gindin bishiyar.

Léandre yana numfashi. Clémentine ta ɗora kansa a cinyarta, ta share masa ido da gyalenta. Hannunsa na dama ya lanƙwashe ta inda babu gaɓa. Ya motsa fasasshen leɓe, sai da ta kai kunne sannan ta ji.

"Madam, wa zai riƙe mini garma bana?"

Ta buɗe baki za ta ba shi labarin faifan da tambarin. Malam Abdulhalim ya dafa kafaɗarta.

"Asibiti tukuna, 'yata. Kama ƙafafunsa."